Zoben Masu Rinjaye

Tun da suka baro garin Utrecht su biyar abokai zuwa hutu a birnin Lisbon, komai sai an ɗaga hannu an bi masu rinjaye, hatta kifin da za a ci da rana. Abin ya kai wa Wietske iya wuya.

Suna kan tudu suna kallon kogi, sai saurayinta Sjoerd ya durƙusa a gabanta da zobe don neman aurenta. Kafin ya buɗe baki, abokinsu Tijmen ya ce, "Kai, ba nan ba ne. A bakin gada muka tsayar."

Wietske ta juya a hankali. "Kuka tsayar?"

"Shawara ce kawai," in ji Sjoerd, idonsa a ƙasa.

"To, wa ya yarda waɗannan ukun su ba mu wuri?" Ta ɗaga hannu, ta tsare shi da ido.

Sjoerd ya fara ɗaga nasa, sai ya dakata, ya waiwayi abokan tukuna.

Ta sauke hannunta, ta gyara jakarta a kafaɗa. "Tashi, kana ɓata wandonka. Zoben kuma ka saka wa masu rinjaye."