Goran Fito da Gishirin Fatake

Da na dawo gida bayan shekaru, an sare tsamiyar ƙofarmu, majami'a ta samu rufin kwano, an kuma kafa gada a gulbin da muke tsoro muna yara. Kawu Irimiya, dattijon ikilisiyarmu, shi kaɗai na tarar yadda na bar shi. Ban gama gaishe-gaishe ba aka bugo mini waya daga Fatakwal, inda nake kasuwanci, wai an shafa wa rumfata jan fenti, za a rushe layinmu. Na kasa ci, na kasa addu'a, ina ta cusa kaya a jaka don in ruga tasha in koma. Kawu ya ce, "Ɗana, zauna. Motar ba ta cika ba tukuna."

Ya ce kafin gadar nan, da gora ake fito. Mutum ya ɗora kayansa a ka, ya rungume ƙaton gora a ƙirji, mai fito yana iyo a bayansa yana turawa. Wata damina fatake biyu suka zo da gishiri, gulbi ya cika ya batse. To, mai fito ba ya yanka ruwa kai tsaye, a karkace yake bin sa, sai na kan gora ya ga kamar gulbi ne ke tafiya da shi. Na farko ya hangi mashayar da za su sauka tana wuce shi, ya waiga bai ga kowa ba sai ruwa, ya saki gora ya hau shure-shure. An ciro shi da rai, amma gishiri ya zama na kifaye. Na biyu ma ya tsorata, har kuka ya yi. Sai dai bai saki ba, don yana jin hannun nan na tura shi. Can ƙasa da inda ya zata, ƙafarsa ta taɓa yashi, gishirinsa a bushe.

"Ban ce rumfarka za ta tsira ba," in ji Kawu. "Na ce Yesun da ya tsawata wa hadari yana bayanka, ko ba ka ganinsa."

Ya dafa kaina ya yi addu'a. Na zazzage jakar, na sake ninke kayan a natse, na ci tuwon da Inna ta ajiye mini. Ina ɗaura takalmi ya ce, "Tafi, Allah ya kiyaye hanya. Amma ka riƙe goranka. Garaje ba ƙarfi ba ne."