In Goge Tsohon?

"Abdulmumini, kai ka hallaka ni!" Inna Taibatu ta dire kwamfutar marigayi ɗanta gaban mai gyara a kasuwar Talata Mafara.

Tsarin aiki biyu ne a kan kwamfutar, wato manhajar da ke tafiyar da ita, tsoho da sabo, suka sarƙe ta ƙi tashi. Ya gyara, ta tashi, amma babu hoton mijinta a gonarsu da ruwan madatsar Bakolori ya shanye. Hoton shi kaɗai ya rage mata, kuma cikin tsohon tsarin yake.

"Inna, sai da na tambaye ki, in goge tsohon? Kinka ce in goge shi tas."

Ita ta ɗauka hoton tsohon nata, mijinta, zai goge, fuskarsa ta fito fes.

"Wa ya koya maka wagga Hausa? Tashi mu tai gun Hakimi, ka amsa!"