Tanti da Usur

Tun da safe tsohon direba ya goge takalminsa, ya zauna a ƙofar gida yana tare duk mai wucewa da labari. Ɗansa, Injiniya, zai kai shi shan iska bakin tafki, su kafa tanti su kwana biyu. Rabon yaron da ya zauna da shi ko na shan shayi, an yi shekaru. Abin yana ci masa rai, bai dai taɓa faɗa ba.

"Sai kai, uban Injiniya," in ji mai kanti. Tsoho ya yi dariya har dasashi ya fito.

Da Injiniya ya iso da motarsa, suka biya ta shagon kayan yada zango. Injiniya ko farashi bai tambaya ba. Ya ce a kawo tanti mai kaurin tampol, wanda zai jure damina daga farkonta har ƙarshe. Yaran zamani, in ji tsoho a ransa, kwana biyu ma sai sun yi shirin yaƙi. Aka haɗa da risho, jarkar ruwa, gidan sauro, rigar ruwa da tocila mai haska nesa. Katifa kuwa guda ɗaya. Wato shi a mota zai kwana, ya bar wa ubansa taushi. Allah sarki. Har usur ya rataya masa a wuya.

"Wannan fa?"

"Ko da wani abu zai taso, Baba. Ka busa da ƙarfi."

A hanya tsoho ya saki baki: yadda ya goya shi zuwa asibiti lokacin ƙyanda, yadda ya rabu da motarsa don karatunsa. Injiniya na ta amsa waya, sai dai ya jefo masa "to" jefi-jefi. Tsoho bai damu ba, da babu gara ba daɗi.

Tafkin dai akwai shi, can nesa yana ƙyalli. Amma motar ta tsaya a wani fili da aka kewaye da langa-langa, cike da bulo, rodi da buhunan siminti. Aiki zai leƙa, tsoho ya ce wa kansa, mutum mai hidima ke nan. Sai ga leburori suna sauke kayan. Injiniya da hannunsa ya buga turakun tanti dab da ƙofar filin, ya nuna wa tsoho yadda ake kunna risho, ya sake nuna masa.

Daɗi ya cika tsoho. Bari waɗannan su ga wanda ya haifi ogansu. Ya gyara zaman hularsa, ya matso yana jiran a gabatar da shi.

Injiniya ya dafa kafaɗarsa, ya dubi shugaban leburori.

"Ga maigadin da na ce zan kawo muku. Wani tsoho ne daga unguwarmu, ba shi da kowa."