Kundin Hotunan Baƙon Minista

Mai hoto ya goge gilashin kyamararsa da bakin riga, ya tsaya inda ya saba tsayawa shekara ashirin da shida, bayan tutoci, a zauren baƙi na ma'aikatar harkokin waje. Ministoci sun zo sun tafi, shi yana nan kamar kujera.

Yau za a sa hannu kan yarjejeniyar yaƙi da masu tsattsauran ra'ayin addini tsakanin ƙasarsa da maƙwabciyarta. Minista sai washe baki yake, kai ka ce ba shi ne ya shekara bakwai yana tura wa 'yan bindigar makamai don su hana maƙwabciyar barci ba. Har makaranta ya gina musu, yana ɗiban samari da sunan tallafin karatu. Sai da wutar ta fara lasar gidansa ya tuna da zumunci.

Mai hoto ya tsane shi, irin tsanar da ke hana mutum cin abinci.

Al'adar ma'aikatar ce a miƙa wa baƙo kundin hotunan ziyararsa kafin a sa hannu, kuma mai hoto ke haɗawa. Wa zai tsaya binciken aikin tsoho?

"Baba, kundin ya kammala?" in ji jami'ar tsare-tsare.

"Tsaf, 'yata."

Minista ya miƙa shi da hannu biyu. Ministan maƙwabta ya buɗe yana murmushi. A shafi na biyar murmushin ya ɗauke. Ga mai masaukinsa rungume da kwamandan da ya ƙone musu garuruwa uku, ga akwatunan makamai a bayansu. Minista da kansa ya sa aka ɗauki hoton bara, don ya riƙa yi wa kwamandan barazanar tona shi a gaban mabiyansa. Mai hoto ne kuma ya ɗauke shi da hannunsa.

Baƙon ya mayar da alƙalaminsa aljihu, ya fice da mutanensa ba ko sallama.

Minista ya iso kan mai hoto kafin masu tsaro, ya ci kwalarsa.

"Wa ya sa ka? Me na taɓa yi maka, tsoho?"

Mai hoto ya ajiye kyamarar a hankali.

"Ranka ya daɗe, wanda ka rungume ɗin nan, ni na rako shi ofishinka da takardunsa na neman tallafin karatu, har ina yi maka godiya. Ɗana ne, shi kaɗai Allah ya ba ni."