Sabon Fenti a Babur ɗin Baba

"Ja sak irin na kamfani," na ce wa mai fenti. "Kada ka bar ko ƙwarzane ɗaya."

Sati uku yana fama da tsohon babur ɗin marigayi Baba, har ya dawo kamar yau aka ciro shi daga kwali. Na turo shi tsakar gida ina washe baki.

"Umma, fito ki sha kallo!"

Ta fito, ta shafa gefen tankin, ta zagaya ta shafa ɗaya gefen. Ta juyo ta dube ni.

"Ina inda fentin ya goge?"

"Ai an gyara, Umma."

"Gurbin gwiwoyin babanku ne, na shekara talatin. Kullum da safe nan nake dafawa in gaishe shi."