Kalma Biyu da Girkanci

Ƙullin bututun ƙarfen ya sauka a kan ƙafar tsohon ne ana gab da sallar azahar. Na'ibi yana can sama a ɗakin kiren, injin ɗaga kaya, bai ji ihun ba. Gani ya yi kawai mutane suna gudu a kan jirgin suna ɗaga masa hannu.

Shekara goma sha tara yana tuƙa kiren a Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda, ko yatsan wani bai taɓa dannewa ba. Ya rantse a gaban Nawaf, jami'in bincike na kamfanin, cewa daga inda yake zaune ba a hangen bayan kwantenonin nan. Nawaf ya ce sai an ji ta bakin wanda aka ji wa ciwo.

Tsohon Bagirke ne, ma'aikacin jirgi, ba Larabci ba Turanci. Jirginsu kuwa jibi zai tashi. A duk kamfanin mutum ɗaya ke jin Girkanci, Abduljalil, Bahaushen Sudan da ya yi shekaru a jiragen Girkawa. Saboda harshen ne ma aka ba shi aikin sanar da 'yan jirgi su kauce kafin a ɗaga kaya. Da Na'ibi ya ji shi za a kira, hankalinsa ya kwanta. A faranti ɗaya suke karin kumallo kullum.

A asibiti tsohon ya buɗe ido, ya kalli Na'ibi, ya furta kalma biyu. Abduljalil ya sunkuya ya yi masa magana a hankali, sannan ya miƙe, idonsa ya yi ja.

"Ya ce, 'Ya gan ni.'"

Nawaf ya naɗi maganar a waya, ya rubuta a takarda, shi ke nan. Aka ƙwace lasisin Na'ibi, aka sallame shi, aka kuma ba shi kwafin takardun da na muryar ko zai ɗaukaka ƙara. Abduljalil ya ba shi shawara kada ya wahalar da kansa, tunda mai ƙafar ya riga ya yi magana.

Abduljalil ɗin ne kuwa ya tsaya masa. Ya yi ta zarya a ofisoshin unguwar Bagdadiyya har aka samu sabon kafili mai ɗaukar nauyinsa, iƙamar Na'ibi, takardar izinin zamansa, ba ta mutu ba. Duk Juma'a sai ya zo da kifi ya miƙa wa Sauda, matar Na'ibi, bai cika zama ba. Da ta haihu, Na'ibi bai nemi shawarar kowa ba ya sa wa yaron Abduljalil.

Abin da ya fi cin Na'ibi shi ne ya fara shakkar idonsa. Mutumin da ƙarfe ya murƙushe wa ƙafa me zai sa ya yi ƙarya? Wataƙila ya hangi hular tsohon, hannunsa ya riga hankalinsa. Ya daina shiga sahun gaba a masallaci.

Bayan shekara biyu ya samu aikin direba a wani gida a unguwar Abhur. Uwar maigidan, Despina, tsohuwa ce Bagirkiya da aure ya kawo Jidda tun tana budurwa, Larabcinta kamar na 'yar gari. Na'ibi ke kai ta ganin likitan ido. Sai da ya yi wata uku yana juya abin a ransa, rannan suna tsaye a cunkoso ya miƙa mata wayarsa, muryar da aka naɗa a asibiti tana ciki. Ya ce yana so ne kawai ya ji ko tsohon ya tsine masa.

Ta kara a kunne. Muryar tsohon ta fito a shaƙe da kalma biyun nan na Girkanci: "Me ide." Ta tsayar, ta sake kunnawa, ta tambayi abin da aka ce masa ana nufi. Ya faɗa mata.

Despina ta girgiza kai. Ta ce kalmomin daidai ne, amma wannan ba shaida ba ce, tambaya ce. A Girkanci ba a ƙara komai a irin wannan tambayar, murya ce kaɗai ke rarrabewa. Ta furta masa sau biyu, na farko a miƙe, na biyu ta danne tsakiyar, ta ɗaga, ta sauke a ƙarshe.

"Larabawa suna ɗaga murya su bar ta a sama. Mu muna saukewa. Shi ya sa baƙo ke jin kamar labari muke ba shi. Cewa ya yi, 'Ya gan ni?'"

Na'ibi ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Ashe shi ma tsohon bai sani ba. Yana share hawaye yana tausaya wa amininsa, wanda ya koyi harshen a bakin 'yan jirgi, ina zai san wannan? Ya ƙudura ba zai faɗa masa kai tsaye ba, kada baƙin ciki ya kwantar da shi. Aka yi masa ham daga baya, ya ja motar.

Despina ba ta ajiye wayar ba. Ta bar muryar ta ci gaba, sai ya ga a madubi fuskarta ta canza. Ta tambaya wane ne mai murya ta biyun, ta ce Girkancinsa ya fi na 'ya'yanta. Na'ibi ya ce amininsa ne, lallashin tsohon yake yi.

"Amsa ya ba shi," in ji ta. "Ya ce, 'A'a, baba, ba yadda za a yi ya gan ka daga can. Yi shiru, ni zan faɗa musu.'"