Ƙafar Teburin Maigadi

"Jikin uwa ma yana da masu gadi," in ji likita. "Ɗan da ke cikinta baƙo ne a wurinsu, amma sukan kau da kai ya zauna. Na matarka sun daina kau da kai."

Maigadin ya gyara zama. Shekara ashirin yana tsaron ƙofar masana'anta, ko kyanwa ba ta taɓa wuce shi ba. Yau ga shi an ce masu irin aikinsa ne suka hallaka masa ciki huɗu.

Likitan ya ci gaba: "Jininka da na matarka bai zo ɗaya ba. Tun haihuwar fari jikinta ya haddace jinin 'ya'yanka. Ba a rubuta muku wata allura ba, a yi mata cikin kwana uku da haihuwar?"

"Ni dai ban gani ba," matar ta ce. "Ko kai aka ba, Malam?"

"Ina zan tuna?"

Ya tuna sarai. Ranar da aka ba shi takardar allurar, ya ga tana ta dariya da jaririyarta, ya ce mai lafiya me za ta yi da allura? Ya ninke takardar, ya cusa ta ƙarƙashin ƙafar teburin ɗakin gadi.

Shekara tara ke nan teburin bai ƙara rawa ba.